Kiɗan Saukar da Tansiyo

Mansur ya shekara goma sha tara yana kiɗan biki a Abidjan, kuma a duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa ce masa ya rage. Kullum ƙari ake nema. In aka toshe titi da rumfa da kujerun roba a Adjamé Liberté, ya ɗora piyanonsa na lantarki a kan ƙafafun ƙarfe, abin da matan biki ke so shi ne kada ya bar wa iska wurin wucewa: ganga a ƙasa, algaita a sama, sarewa a tsakiya, duk daga cikin akwati ɗaya mai haƙora sittin da ɗaya, uku daga ciki sun daɗe da mutuwa. Shi a wurinsa shiru a tsakiyar kiɗa tuwo ne ba miya.

Kiɗan kuwa gado ne, ko da yake ba ya so a tuna masa. Mahaifinsa, marigayi Lado, shi ke yi wa mahauta kalangu a mayankar Port-Bouët. Kowane mahauci da ya isa yana da takensa, wato ɗan kiɗan da in an kaɗa, shi da kowa sun san da shi ake. Mansur ya bi uban shekara bakwai yana riƙe ƙaramin kalangun da ke amsa wa babba, har ƙarnin jini da ƙudaje suka ishe shi. Ya ajiye, ya koma na lantarki, ya sa aka riƙa kiransa Maestro. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: bai taɓa ɗora yatsa a kan piyano na gaske ba, na katako, sai dai ya gani a talabijin.

Ran nan sai ga kira daga Dakta Iklima, 'yar Alhaji Gwadabe dillalin shanu. A Treichville aka haife ta, ta yi karatu a Dakar da Faransa, ta dawo ta buɗe ɗan ƙaramin asibiti a bayan babbar kasuwa, na masu hawan jini, wanda a garin kowa ke ce wa tansiyo. Mansur ya sa rigarsa ta biki, ya shiga woro-woro, tasin haɗaka na garin, aka matse shi tsakanin mata biyu masu kwanduna, ya ƙetare gada.

Yana shiga ɗakin jira ya gan shi: piyano na katako. Baƙi wuluk, jingine da bango, an ɗora masa tukunyar fulawa da takardun talla. Wata tsohuwar malamar kiɗa ce ta zauna a gidan a da. Da ta tashi sai aka tarar magini ya rage faɗin ƙofa a wani gyara da aka yi, piyano ya ƙi fita, aka bar shi. Murfinsa a kulle yake, ɗan makullin kuma yana cikin jakar Dakta.

"Maestro, zauna," in ji ta. Hausarta tana fita a hankali, kamar mai taka gada ta itace, in ta ga rami sai ta tsallaka da Faransanci. "Mutanena daga kasuwa suke shigowa, ko daga tashar jirgin ruwa sun gama faɗa da masu fiton kaya. In na auna su a haka, injin ƙarya zai yi mini. So nake su zauna minti goma jikinsu ya yi sanyi. Kiɗa nake so mai ɗan kaɗan. Minimaliste. Bari ka ji irinsa."

Ta danna wayarta. Sauti ɗaya ya fito. Aka yi shiru. Wani ya fito, aka sake yin shiru. Mansur ya gyara zama, ya haɗa hannuwa, ya jira cikin ladabi. Da aka yi kamar minti biyu sai ya ce, "Dakta, yaushe za a fara?"

"An kusa gamawa."

Ya ce, "To," irin ta wanda dama ya sani.

"In ka yi mini nawa, ya yi yadda nake so, za mu ɗauka a na'ura ya riƙa tashi a sifika. Kai kuma..." Ta ciro makullin ta kaɗa shi a gabansa. "Duk Lahadi nan a rufe yake. Daga safe zuwa la'asar, piyano naka ne."

Ta yi maganar ladan aiki ma, amma kunnensa bai tsaya a nan ba. Ta buɗe murfin ta ce ya gwada. Ya danna haƙori ɗaya na can ƙasa. Sautin ya fito daga cikin katakon ya shige shi ta ƙirji, ya daɗe yana yawo a ɗakin bai mutu ba. Na lantarkinsa bai taɓa yi masa haka ba. Yana tsaye yana saurare ta ci gaba da magana, tana kukan tsofaffin unguwa da ba sa dawowa awo. "Kai, ko Baba nawa. Shekara biyu da buɗe wurin nan, ko bakin ƙofa bai taɓa takawa ba. Wai shi lafiyarsa lau, cutar Turawa ce."

Aka shirya zai riƙa zuwa da rana tsaka, lokacin da ba marasa lafiya, ya gwada mata abin da ya haɗa.

Na farko da ya kawo, a ganinsa kiɗa ne mai azumi: ba ganga, ba algaita, hannu biyu kawai suna tsere. Ta saurara na daƙiƙa ashirin ta ce, "C'est trop. Ya yi yawa." Ya koma ya zubar da rabi. Ta ce, "Rage." Ya sake zubar da rabi, zuciyarsa na ciwo kamar tela da aka sa ya mai da babbar riga ɗan ciki. Ta kalli hannunsa na hagu ta ce, "Wannan ba ya gajiya ne? Sa shi a aljihu." Ya sa shi a aljihu. Hannun ya riƙa motsi a ciki shi kaɗai.

A gida kuwa matarsa Zaituna, mai suyar ayaba a ƙofar gida, ta leƙo ɗaki da matsami a hannu.

"Baban Jidda, wai kai ne? Wallahi sau biyu ina zuwa duba famfon tsakar gida, na zaci ɗigarsa ce ta ƙaru."

"Aiki nake yi."

"Aikin ke nan? Tin. A je a sha ruwa a dawo. Tin. In dai wannan ne, ka ce wa Dakta ni ma na iya, kuma ni zan haɗa mata da ayaba."

Shi ma abin ya fara ba shi tsoro. Ya gano cewa cikin kiɗa mai yawa kuskure ɓuya yake yi, kamar akuya gurguwa a tsakiyar garke. Amma in sauti biyar ne kacal, kowanne tsaye yake tsirara a fili ana kallonsa. Ya jera biyar, su fito kamar baƙin da aka haɗa a mota ɗaya, ba mai ce wa wani sannu. Ya rushe ya sake.

Ranar Alhamis da la'asar, ya gaji har ya daina tunani, sai hannunsa na dama ya tafi shi kaɗai. Biyu a ƙasa, ɗaya ya hau, biyu suka gangaro. Ya maimaita. Suka zauna daram, kamar dama can 'yan ɗaki ɗaya ne. Ya maimaita na uku, sai tsikar jikinsa ta tashi, don ya gane su. Taken Gwadabe ne. Shi ne wanda Lado ya yi masa tun yana saurayin mahauci, lokacin da ake sakin bijimi da igiya a ƙafa, shi kuma ya shige tsakanin ƙahonni ya rungume.

Mansur ya ɗauke hannu kamar ya taɓa garwashi. Sannan ya zauna ya yi lissafi irin na mai son abu. A kalangu, taken nan gudu yake yi kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Shi kuwa zai ja shi ne tafiyar hawainiya, a kan kayan kiɗan Turawa, da hannu ɗaya. Wa zai gane? Dakta ba ta taɓa zuwa mayanka ba. Mai taken kuma, ita da bakinta ta ce ko bakin ƙofa ba ya takawa.

Zaituna ta sake leƙowa. "Wannan kam ya yi daɗi. Amma kamar na san shi."

"Ba ki san shi ba."

Washegari Dakta Iklima ta saurara ido a rufe har ƙarshe. Da ta buɗe sai ta ce, "Voilà. Shi ke nan. Har wani abu na yarinta yake tuna mini, ban san mene ne ba." Mansur ya dubi tukunyar fulawa. Aka ɗauka a na'ura. Ta ce ya zo ranar Litinin da safe ya zauna a gefe, in awo ya yi kyau ya tafi da makulli.

Litinin ta fara da alheri. Wata mai sayar da atamfa 'yar ƙabilar Baule, wadda ta shigo tana zagin wani direba, ba ta yi minti biyar ba kanta ya langaɓe. Wani ma'aikacin fiton kaya ya kifa wayoyinsa biyu a cinya ya lumshe ido. Ma'aikaciyar jinya tana fitowa tana faɗin awo da murmushi, da ƙirgen garin inda sha biyu ke nufin ɗari da ashirin: sha biyu, sha uku, sha biyu. Mansur har ya fara tunanin a wane aljihu zai riƙa ajiye makullin.

Sai ƙofa ta buɗe, babbar riga ruwan toka ta cika ta. Alhaji Gwadabe ne, fuska a murtuke, don masu shirya tafiyar Umra sun ce sai da takardar likita, matarsa Hajiya kuma ta ce ba zai kai wa bare hannunsa ba alhali ga 'yarsa. A bayansa ga amininsa Baba Alu, tsohon mahauci siriri kamar tsinken tsire, ya rako shi don kada ya gudu a hanya. Mansur ya jawo takardar talla mafi faɗi ya rufe fuska.

Tsofaffin suka zauna. Sifika tana ta ɗiga a hankali: biyu a ƙasa, ɗaya ya hau, biyu suka gangaro.

Ta gefen takardar Mansur ya ga babban yatsan ƙafar Alhaji ya ɗaga a cikin takalmi, ya sauka. Ya sake ɗagawa. Baba Alu ya karkata kai ya tura hula gefe don kunne ya samu hanya.

"Gwadabe."

"Na'am."

"Kana jin abin da nake ji?"

"Ina ji. Wani na kirana. Amma mai kiran kamar ba shi da lafiya."

"An ja shi ne kamar danƙo. Amma naka ne. Ko a kabari aka kaɗa na san naka ne."

Kafaɗar Alhaji ta dama ta fara rawa. Ya danne ta da hannun hagu, ta hagun ta karɓa. Ya ce, "A'uzu billahi," ya gyara zama. Sifika ba ta san ana yi ba, ta sake zagayowa. A zagaye na gaba tsuma ta ci ƙarfinsa. Mutum mai shekara saba'in da ɗaya ya miƙe zumbur, ya naɗe hannuwan riga ya watsa a kafaɗa, ya buɗe murya:

"Sai ni Gwadabe ɗan Kande, mai kwana tsakanin ƙaho biyu! Bijimi ya gan ni ya tuna uwarsa! Igiya ta tsinke, ni ban tsinke ba!"

"Faɗa musu, na Tabawa!" in ji Baba Alu, shi ma ya miƙe yana dukan cinya. "Faɗa wa yaran zamani!"

Alhaji ya waiga neman bijimi, bai samu ba, sai ya cafki kujerar roba ta ƙafafu biyu ya rungume ya murɗe ta ya kai ƙasa. Mai atamfa ta farka da ihu tana kiran Ubangiji da Faransanci, ma'aikacin fiton kaya ya kwashi wayoyinsa ya yi bayan piyano.

Dakta Iklima ta fito da gudu. "Papa! Lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan," ya ce yana haki, gumi na zuba, fuskarsa tana walƙiya. "Rabona da lafiya irin wannan tun kafin a haife ki."

Ta kashe sifika, ta zaunar da shi, ta ɗaura masa abin awo a dantse. Ashirin da ɗaya. Ta auna Baba Alu, shi da ba takensa ba ne ma, sha tara. Ta sake auna mai atamfa, ta tashi daga sha biyu zuwa sha shida.

"Wa ya kaɗa?" in ji Alhaji. "Wannan hannun Lado ne, Lado kuwa ni na sa shi a rami." Idonsa ya zagaya ɗakin ya tsaya a kan takardar talla mai faɗi. Baba Alu ya je ya janye ta da yatsa biyu.

"Ɗan Lado! Kai ne? Ashe ba ka yar ba!" Muryar Alhaji ta karye, ya share ido da bakin riga. "Aka ce mini ka koma kiɗan mata. Allah ya jiƙan ubanka. Amma me ya same ka kake kaɗa shi kamar mai jin yunwa?"

Mahauci ba ya jin takensa ya bar makaɗi hannu wofi. Abin kunya ne da za a yi ta faɗa har jikoki. Nan take Alhaji ya ciro waya. Kafin azahar babur ya tsaya a ƙofar asibiti da cinyar sa guda a naɗe cikin takardar siminti, aka shigo da ita aka jingine daidai ƙarƙashin hoton da ke gargaɗin masu tansiyo su rage jan nama.

Dakta ta kira Mansur ofis ta rufe ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

"Maestro. Ka san kiɗan nan na wane ne?"

"Na sani, Dakta."

"Ka kawo mini shi wurin masu hawan jini."

"Na zaci in an ja shi a hankali..."

Makullin yana kan tebur. Ta ɗauke shi ta jefa a jaka, ta ja zif. Mansur ya ji ƙarar zif ɗin har cikin haƙoransa. Yana shirin miƙewa sai aka turo ƙofa ba sallama, Alhaji ya leƙo.

"Iklima, Litinin mai zuwa da ƙarfe nawa kuke kunna abin nan? Zan zo da su Alhaji Rabilu."

Ta dubi uban da ta shekara biyu tana roƙo ya zo awo. Sannan ta ce, "Papa, ga sharaɗi. Awo tukuna. In ka sha magani kullum, na auna na ga ƙasa da sha biyar, Maestro zai kaɗa maka, a tsakar gida, ba a ɗakin jira ba. In ya haura, ba kiɗa."

"Yau ga 'ya tana sayar wa ubanta da takensa," in ji Alhaji. Amma ya karɓi takardar magani.

Ta juyo kan Mansur. "Kai kuma mako ɗaya. Sabon kiɗa, wanda ba na kowa ba. Ni ban san su ba, don haka ba ni zan yi hukunci ba. Baba Alu zai zauna da abin awo a hannu."

Wannan makon shi ne mafi tsawo a rayuwar Mansur. Kullum da rana tsaka Baba Alu zai zo ya zauna kusa da piyano, dantse a ɗaure, ido a rufe kamar alƙali. Mansur ya danna biyar.

"Na maƙera ne."

Ya sake wasu.

"Na 'yan dambe. Ka juya shi ne kawai ta baya."

Ya sake wasu, masu taushi, waɗanda ya tabbata daga kansa suka fito. Baba Alu ya buɗe ido ɗaya, ya yi ajiyar zuciya. "Yaro, wannan na wata bazawara ce a Bouaké. Kada ka tayar mini da tsohon miki." Injin ya nuna sha takwas.

Mansur ya koma Adjamé jiki a sanyaye. Ashe hannun nan nasa da yake taƙama da shi gidan haya ne, kowane ɗaki da mai shi, kuma Lado ne ya zuba su tun yana yaro. Ranar Juma'a bayan masallaci bai ko buɗe piyanon lantarkin ba. Ya zauna a tsakar gida a kan turmi, ya rasa abin yi. Can ya ji famfo. Ɗigo ɗaya a cikin bokiti. Shiru. Biyu a jere. Shiru mai tsawo, har ka cire rai, sannan ɗaya. Ya shekara huɗu yana jin Zaituna na mitar famfon nan, bai taɓa saurarensa ba. Ya zauna har la'asar yana ji, yana ƙirga shirun da yatsa.

Ranar Asabar ya kaɗa wa Baba Alu sauti uku, da shirun famfo a tsakaninsu. Tsohon ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Ya tura hula. Ya yamutsa fuska yana bincike a cikin shekarunsa saba'in da biyar.

"Wannan na wane ne?"

"Ba na kowa ba ne, Baba."

"Maraya ne ke nan. Allah sarki." Ya gyara zama don ya ƙara bincikawa. Kafin minti shida bakinsa ya buɗe, minshari ya fara amsa wa piyano.

Dakta Iklima ta matso a kan yatsun ƙafa ta danna injin. Sha uku. Ta zuge jaka ta ajiye makullin a kan murfin piyano.

Da ya isa gida ya tarar Zaituna ta kira mai gyaran famfo, har ya ciro sifana. Mansur ya riƙe hannun mutumin ya ba shi haƙuri ya raka shi ƙofa.

"Baban Jidda, ka haukace ne?"

"Dakta ta ce za ta so na biyu nan gaba. Kada wanda ya taɓa mini shi."

Lahadi da hantsi ya buɗe asibitin, ya sauke tukunyar fulawa, ya murɗa ɗan makullin. Ya fito da hannun hagu daga aljihu ya miƙe yatsunsa. Tun a woro-woro ya yi niyyar yau sai ya zuba duk abin da aka hana shi, hannu biyu, har bango ya amsa. Ya danna haƙori ɗaya na can ƙasa don ya fara, sai ya samu kansa yana jira ya ji inda sautin zai je ya mutu.

Bai kai ga mutuwa ba aka ƙwanƙwasa taga. Alhaji Gwadabe ne, ya manna fakitin magani a jikin gilashi, ramuka shida a fashe, Baba Alu na leƙe ta bayan kafaɗarsa.

"Ɗan Lado, na sha, ga shaida. Buɗe. Kuma yau ka kaɗa shi kamar ka ci abinci."

"Alhaji, Dakta ta ce sai an auna."

Baba Alu ya ɗaga wata jakar leda, ya zaro injin awo sabo fil, ko ledar ba a ɓare ba. "Mun sayo namu. Kai dai buɗe, ka karanta mana takardar, da Faransanci aka rubuta."